Alhakin Wanda Ba Shi Ne Ya Yanke Hukunci Ba

Idan aka ambaci kotu, hankalin yawancin mutane yakan tafi ga alƙali da lauyoyi, gama su ne ake jin muryarsu. Amma kafin maganar yaro ta kai kunnen alƙali, takan bi ta hannuwa da yawa. Akwai rajistara wanda yake karɓar takardu ya sa wa shari'a rana, akwai akawun da yake riƙe da fayil, akwai mai kai sammaci, da tafinta, da masinja, da jami'in jin daɗin jama'a wanda ake aika shi gidan su yaron ya dubo yadda suke zama. Babu ko ɗaya cikinsu da doka ta ba shi ikon cewa a raba yaro da uwarsa, ko a kai shi gidan gyaran hali, ko a mayar da shi wurin kawun da ake zargi da gallaza masa. Saboda haka idan hukunci ya karkace, amsarsu a shirye take: ba ni na yanke ba. Tambayar ita ce ko wannan amsa ta isa ta wanke mutum a gaban lamirinsa.

Wani abin da ya faru a ƙasar Amurka ya sa an tattauna wannan tambaya a fili. A gundumar Luzerne ta jihar Pensilbaniya, wani alƙali mai suna Mark Ciavarella ya shugabanci kotun yara shekaru da yawa. A 2002 abokin aikinsa, Michael Conahan, wanda yake shugaban alƙalan gundumar a lokacin, ya sa aka rufe gidan tsare yara na gwamnati, aka koma aika yara wani gida na 'yan kasuwa wanda aka buɗe a 2003. Daga baya bincike ya nuna cewa alƙalan biyu sun karɓi kimanin dala miliyan 2.8 daga hannun wanda ya gina gidan da kuma ɗaya daga cikin masu shi. Tsakanin 2003 da 2008 dubban yara sun tsaya a gaban Ciavarella, sau da yawa shari'ar ba ta wuce 'yan mintoci kaɗan ba, ana kuwa tura su tsare a kan laifuffukan da a wani wuri gargaɗi ya ishe su. Wata yarinya mai shekara 15 an yanke mata wata uku a 2007 domin ta buɗe shafin ba'a a intanet tana kwaikwayon mataimakiyar shugaban makarantarsu. Uwarta ce ta kai kuka ga wata cibiyar lauyoyi masu kare yara a Filadelfiya, daga nan zaren ya fara warwarewa. A 2009 Kotun Ƙoli ta jihar ta soke hukuncin yara fiye da dubu biyu, a 2011 kuma aka ɗaure Ciavarella shekara 28, Conahan shekara 17 da rabi.

Labarin alƙalan nan biyu ba shi da wuyar fahimta. Kwaɗayi ne, kwaɗayi kuwa tsohon abu ne. Abin da ya fi damun kwamitin binciken da jihar ta kafa, wanda ya ba da rahotonsa a 2010, shi ne sauran mutanen da suke cikin ɗakin. Fiye da rabin yaran sun tsaya ba lauya, ko da yake doka ta ba su wannan hakki. Yadda abin yake gudana kuwa shi ne, a bakin ƙofar kotu jami'an sa-ido kan yara, watau ma'aikatan da aka ɗauka domin su bi lafiyar yaron da ke gaban shari'a, sukan miƙa wa iyaye takarda su sa hannu cewa ba su bukatar lauya. Ƙa'ida ta ce alƙali da kansa zai yi wa yaro tambayoyi har ya tabbata ya gane abin da yake sallamawa, amma ba a yin haka. Masu gabatar da ƙara suna gani, lauyoyin gwamnati masu kare talakawa suna gani, akawu suna rubutawa, masu gadi suna sa wa yara ankwa a gaban iyayensu. Babu shaidar cewa waɗannan mutane sun san da maganar kuɗin. Amma abin da yake faruwa a gaban idonsu kowane mako, shekara da shekaru, sun san shi. Wata tsohuwar shugabar jami'an sa-ido ma ta amsa laifinta a 2009 cewa ta sauya abin da ke rubuce a fayil ɗin wani yaro bayan asiri ya fara tonuwa.

Kafin a ɗora musu laifi, wajibi ne a saurari abin da za a iya faɗa domin kāre su, gama yana da ƙarfi. Kotu tana tsayawa ne a kan rabon aiki. Ba don rainin hankalin akawu aka hana shi yanke hukunci ba. An hana shi ne domin ya zama akwai mutum ɗaya sananne wanda ya ji ɓangarorin biyu, wanda sunansa yake kan hukuncin, wanda kuma za a iya ɗaukaka ƙara a kansa. Ranar da rajistara ya fara ɓoye fayil domin yana ganin hukuncin da ke zuwa ba daidai ba ne, ranar da tafinta ya fara gyara maganar uwa domin ya ji tausayinta, a ranar an sami alƙalai biyar a kotu ɗaya, huɗu daga cikinsu kuwa ba wanda zai iya tuhumarsu. Yau tausayi ne ya sa aka ɓoye fayil, gobe ɗan'uwantaka ce, jibi kuma goro. Ƙofar da jinƙai ya shiga ta ita ce ƙofar da cin hanci yake bi, wanda yake tsaye a waje kuwa ba zai iya bambanta su ba. Bayan wannan kuma akawu ba ya ganin dukan shari'a. Abin da ya gani a matsayin zalunci mai yiwuwa yana da dalili a cikin wani rahoton da bai karanta ba. Tawali'un ma'aikacin da ya ce wannan ya fi ƙarfin sanina abu ne mai daraja, bai kamata a kira shi tsoro kullum ba.

Duk wannan gaskiya ne, amma iyakar abin da ya tabbatar shi ne ma'aikaci ba shi da ikon ƙwace kujerar alƙali. Bai tabbatar da cewa ba shi da alhakin kome ba. Tsakanin ƙwace hukunci da naɗe hannu akwai fili mai faɗi, a cikinsa kuwa aikin ma'aikacin kotu yake.

Abu na fari da ke wuyansa ɗungum shi ne abin da ya bi ta hannunsa. A nan ba shi da wanda zai ɓuya a bayansa. Wata tsohuwar shari'a ta Amurka ta nuna nauyin rubutu kaɗai. A 1964, a jihar Arizona, an kama wani yaro mai shekara 15, Gerald Gault, bisa zargin ya buga wa wata maƙwabciya waya ya yi mata maganar banza. Ba a sanar da iyayensa sa'ad da aka tafi da shi ba. Takardar ƙarar da jami'in sa-ido ya shigar ba a ba su ita ba. Matar da ta yi ƙara ba ta zo kotu ba, ba a rantsar da kowa ba, ba a kuma rubuta abin da aka faɗa a zaman ba. Alƙali ya tura yaron makarantar horo har ya kai shekara 21, watau shekara shida, alhali babban mutum da ya yi wannan laifi iyakarsa tarar dala 50 ko ɗaurin wata biyu. Da magana ta kai kotunan sama, alƙalin da jami'in da uwar yaron kowa ya ba da nasa labarin abin da yaron ya ce, ba kuwa takardar da za ta raba gardama. A 1967 Kotun Ƙoli ta Amurka ta yanke cewa yaro ma yana da hakkin a sanar da shi tuhumar da ake yi masa, da hakkin lauya, da hakkin fuskantar mai ƙararsa. Ta kuma bayyana cewa jami'in sa-ido ba zai iya zama a madadin lauyan yaro ba, tun da yake shi ne ya shigar da ƙarar. Wanda yake riƙe da alƙalami a kotu yana iya ɗauka aikinsa ƙarami ne, amma shafin da ya rubuta shi ne kaɗai abin da kotun sama za ta gani. Abin da bai shiga fayil ba, a wurin shari'a kamar bai taɓa faruwa ba ne.

Haka yake ga mai kai sammaci. Idan ya rubuta cewa ya miƙa wa uwa takarda alhali bai sami gidan ba, kotu za ta zauna, a kira sunanta sau uku, a rubuta cewa ba ta zo ba. Alƙali zai karanta wannan rashin zuwa a matsayin rashin kula da ɗanta, ya yanke hukunci da zuciya ɗaya, hukuncin kuwa yana tsaye a kan ƙaryar mutumin da ya ji ƙyuyar hawa babur zuwa ƙauye. Haka kuma ga tafinta. Yaro yakan yi magana a karkace, ya fara ya tsaya, ya ce kawu ya yi masa abu, bai faɗi mene ne abin ba. Tafintan da ya gaji ya taƙaita, ko wanda ya ji kunyar maimaita kalmar ya sassauta ta, ya riga ya sauya shaidar. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 36, ya ba wanda ake tuhuma da laifi hakkin tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu, ya kuma wajabta wa kotu ajiye rubutun abin da ya gudana. A ƙasar da ake shari'a da Turanci a yawancin kotuna, yara da yawa kuwa Turancinsu bai wuce gaisuwa ba, wannan hakki yana rataye ne a bakin mutum ɗaya wanda ba mai iya duba aikinsa sai shi da kansa.

Jami'in jin daɗin jama'a kuwa nasa ya fi na kowa nauyi, domin alƙali ba ya zuwa gidan yaro. Idon jami'in ne idonsa. Wani alƙali a birnin Seattle, David Soukup, ya damu ƙwarai da yadda yake yanke makomar yara ba tare da isasshen bayani ba, har a 1977 ya fara neman mutanen gari masu sa kai su riƙa bin shari'ar yaro ɗaya ɗaya suna kawo wa kotu labari, tsarin da ya bazu cikin Amurka daga baya. Jarabar da ke gaban mai rubuta irin wannan rahoto ba ta ƙarya ba ce kawai. Akwai jarabar rikita talauci da sakaci. Ɗaki ɗaya, tabarma a ƙasa, tukunya ba nama, duk ana iya rubuta su yadda mai karatu zai ga gidan bai dace da yaro ba, alhali gidan da ke da kujeru da labule yana iya zama inda ake dukansa. Rahoton da ya bambanta abin da ido ya gani da abin da maƙwabta suka faɗa da abin da jami'in ya zata shi ne yake barin alƙali ya yi aikinsa. Wanda ya cuɗe su ya riga ya yanke hukunci a ɓoye, ya bar wa alƙali sa hannu.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce aka fi yi wa rikon sakainar kashi. Ɗage shari'a wata uku a rikicin fili abin haushi ne, amma filin yana nan. Wata uku ga jaririn da aka raba da uwarsa ya isa ya manta ƙamshinta. Ga ɗan shekara tara zango guda ne na makaranta. Yaro yana girma ko fayil ɗinsa ya motsa ko bai motsa ba, sau da yawa kuma jinkiri da kansa yakan zama hukuncin, gama bayan shekara biyu a hannun wasu za a ce ya riga ya saba, kada a tayar masa da hankali. Wanda ya sa fayil ɗin a ƙarƙashin tari yana jiran a zo a gan shi bai taɓa zama a kujerar alƙali ba, amma shi ya yanke wannan shari'a. Masu shakkar ikon ƙananan ma'aikata sai su tuna da 2021, sa'ad da ƙungiyar ma'aikatan shari'a ta Nijeriya ta shiga yajin aiki daga Afrilu zuwa Yuni a kan 'yancin kuɗin ɓangaren shari'a. Alƙalai suna nan da rigunansu, amma ƙofofi a kulle, ba shari'ar da ta motsa.

Abu na biyu ya fi wuya, shi ne abin da ido ya gani alhali bai bi ta hannun mutum ba. A nan ne shari'ar yara ta bambanta da ta manya. Dokar Hakkin Yara ta Nijeriya ta 2003, wadda jihohi suka yi ta karɓa ɗaya bayan ɗaya har kusan shekara ashirin, wasu da gyare-gyare, ta kafa kotun iyali a matakin babbar kotu da na majistare. Ta sa alƙali ya zauna tare da mataimaka biyu masu ba da shawara, ta hana jama'a shiga zaman, ta kuma hana a buga sunan yaro ko abin da zai sa a gane shi. Dalilin a fili yake: kada abin da ya sami yaro yana ƙarami ya bi shi har girma. Amma kowace kariya da farashinta. Abin da yake tsare babban mutum daga alƙali azzalumi shi ne ƙofa a buɗe, 'yan'uwa a benci, ɗan jarida a kusurwa. Idan aka rufe ƙofar domin yaro, an ɗauke masa waɗannan shaidu duka. Iyayen da suka zo sau ɗaya ba su san yadda shari'a ta gari take ba, sai su ɗauka haka ake yi. Yaron kuwa ba ya rubuta takardar koke. Waɗanda suka rage a ɗakin, waɗanda suka ga shari'a ɗari har suka san wadda ta kauce hanya, su ne rajistara da akawu da tafinta da jami'in jin daɗin jama'a. Dokar da ta fitar da jama'a waje ta bar musu aikin da jama'a suke yi, ko ta rubuta haka ko ba ta rubuta ba. Shi ya sa shirun ma'aikacin kotun yara ya fi na takwaransa na kotun manya nauyi.

Wannan bai sa kowane hukuncin da bai yi wa akawu daɗi ba ya zama abin kai ƙara. Akwai bambanci tsakanin hukuncin da mutum bai yarda da shi ba da ƙa'idar da ake takewa a fili. Ko wata uku ya yi yawa ga wannan laifi, wannan na alƙali ne da kotun sama. Amma ko an tambayi yaro shekarunsa, ko an sanar da iyayensa, ko an gaya masa yana da hakkin lauya, ko an ajiye shi ɗaki ɗaya da manyan fursunoni, waɗannan ba sai mutum ya yi karatun lauya ba kafin ya gane su. Hanyar magana kuma tana da matakai. Mafi sauƙinsu shi ne rubuta abin da ya faru daidai yadda ya faru, har da abin da aka tsallake. Sai ƙin miƙa wa iyaye takardar da mutum ya san ba su gane ta ba. Sai tunasar da alƙali cikin ladabi, abin da rajistara nagari suke yi kullum ba wanda ya ji. Idan abin ya zama al'ada, akwai babban rajistara, akwai babban alƙalin jiha, akwai hukumar kula da ma'aikatan shari'a. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya zama ƙwace kujera.

Gaskiya ne hanyoyin nan ba kullum suke kaiwa ba. A Pensilbaniya an aika wa hukumar ladabtar da alƙalai wasiƙar koke marar suna a kan Conahan tun 2006, aka ajiye ta ba a yi kome ba. Gaskiya ne kuma mai magana yana iya rasa ƙarin girma, ko a tura shi wani lungu, yana da 'ya'yan da yake ciyarwa. Wanda yake zaune a inuwa bai kamata ya yi saurin kiran na cikin rana matsoraci ba. Tsoro yana rage girman laifi, ba daidai ba ne kuwa a auna masinja da mudun da aka auna alƙalin da ya karɓi miliyoyi. Amma rage laifi dabam, shafe shi dabam. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wanda ya karɓi albashi a kotun yara ya karɓi ladan tsayawa kusa da mutanen da ba su iya kāre kansu, ba zai kuma zaɓi albashin ya bar askin ba. Wani abin lura kuma shi ne a Luzerne masu shirun suna da yawa, kowannensu yana kallon shirun na kusa da shi yana ɗaukarsa shaida cewa ba kome. Yawansu, wanda ya kamata ya ba su ƙarfin hali, shi ne ya kwantar musu da hankali.

Nijeriya ta ga nata a ranar 1 ga Nuwamba 2024, sa'ad da aka gurfanar da waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. A cikinsu akwai yara da dama, sun yi kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotun. Hotunan sun tayar da hankalin ƙasa, cikin 'yan kwanaki shugaban ƙasa ya ba da umarni a sake su. An ga wannan ne domin zaman a buɗe yake, da masu ɗaukar hoto a wurin. Amma kafin ranar, sunayen yaran sun bi ta tebura da yawa, an buga su, an hatimce su, an sa musu lamba da rana. A kowane tebur akwai wanda zai iya tambayar shekarun mai wannan suna. A ƙasar da yara da yawa ba su da takardar haihuwa, lambar da aka rubuta a gurbin shekaru, 17 ko 19, ita ce take raba hanyar kotun iyali da ta gidan yari na manya, sau da yawa kuwa ɗan sanda ne yake faɗinta da ka, wani ya kwafe ta bai ɗaga kai ya dubi fuskar da ke gabansa ba.

A Pensilbaniya, gyaran da aka yi a 2012 ya taƙaita ƙwarai yanayin da yaro zai iya sallama hakkinsa na lauya, domin kada wannan magana ta sake komawa hannun wanda yake miƙa takarda a bakin ƙofa. A 2022 wata kotun tarayya ta umarci tsofaffin alƙalan biyu su biya diyyar fiye da dala miliyan 200 ga kusan mutum 300 da suka shigar da ƙara. Yaran da aka tsare suna da shekara 14 ko 15 sun kusa shekara talatin ko sun haura ta kafin wannan hukunci ya fito, waɗansu daga cikinsu kuwa sun riga sun rasu.